Kalkuletar da Ke Mayar da Takwas Sifili

Ranar Talatar da ta wuce wata yarinya 'yar ajin ƙarshe na sakandare ta shigo shagona a bakin tashar Gaya, ta ajiye mini kalkuleta mai faɗin faranti, maɓallanta manya-manya kamar ƙosai, ta ce in nuna mata inda ake danna sayin da kos. Na ce mata wannan ai ta masu auna hatsi ce, iyakar karatunta tarawa da ɗebewa da sau da rabawa. Na tambaye ta inda ta saya, ta nuna mini da baki teburin ɗaya daga cikinku, ku masu caja da marfin waya da kuka cika bakin titi. Saura kwana tara ta shiga jarrabawar lissafi. Wanda ya sayar mata ya rantse ita ce orijinal, hujjarsa kuwa ta fi sauran nauyi.

To da ku nake, ku da kuke zama a bencina kuna cin gyaɗata kuna cewa sana'ar Baba Sale ko makaho zai iya: a miƙo kuɗi, ka miƙa kwali. Wani a cikinku har cewa ya yi ai kowace waya tana da kalkuleta, me ya rage mini? Ya je ya shiga zauren jarrabawa da wayar tasa, zai ga abin da ya rage.

Ni da agogo na fara, a hannun Malam Garba mai agogo, wanda teburinsa yake ƙarƙashin darbejiya a bakin kasuwa. Shekarata ta farko ban taɓa agogon kowa ba. Aikina in riƙe mayen ƙarfe ina jan sa cikin yashi ina neman 'yan notinan da suka faɗi, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. In na samo, ya karɓa ba tare da ya dube ni ba. In ban samo ba, to ranar ce zai dube ni. Sai a shekara ta uku ya fara ba ni agogon da mai shi ya riga ya fid da rai da shi. Wata rana wani malamin makaranta ya kawo kalkuleta ta daina aiki. Malam Garba ya kwance bayanta, ya sa madubinsa a ido, ya daɗe yana leƙe, sannan ya turo mini ita ya ce wannan aba ba ta da hanji, shi kuwa ba ya gyaran abin da ba ya motsi. Na wuni a kanta. Ashe gumin hannu da ƙura ne suka toshe ƙarƙashin maɓallan. Na wanke, na mayar, ta kama. Daga ranar duk wata kalkuleta da ta zo teburin tawa ce, don a ganinsa aikin raini ne. Da waya ta shigo gari mutane suka daina ɗaura agogo, Malam Garba ya naɗe tabarmarsa ya koma gona, ni kuma aikin rainin nan ya riƙe ni har yau.

Kayan aikina duka a cikin tsohon gwangwanin alawa suke. Akwai 'yar sukudireba guda biyu, da hantsaki, da madubin ido ɗaya da na gada wurin Malam Garba, da tsohon buroshin haƙori, da 'yar kwalbar sifirit, da fensir. Kuna dariyar fensirin. Idan maɓalli ya gaji, sai an danna shi kamar ana kashe kunama kafin ya amsa, za ka buɗe, ka ɗaga robar da ke ƙarƙashi, ka goge baƙin ɗigon da sifirit, ka shafa masa bakin fensir kaɗan, sai ya dawo kamar sabo. Wannan ba a rubuce yake a jikin kwali ba. Na sha karɓar kalkuletar da ɗayanku ya buɗe da wuƙa, ya zubar da maɓallan, ya mayar da su yadda ya ga dama, bakwai a gidan huɗu, sannan ya ce wa mai ita ai dama ta mutu.

Amma gyara ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce zaɓe, domin wanda zai biya daban, wanda zai shiga zaure daban, kuma duk cikinsu ba mai sauraronka. Uba da hannu yake zaɓe, ya ɗaga ya ji nauyi kamar mai sayen kankana. Yaro da ido yake zaɓe, yana son wadda ta fi yawan maɓalli don abokai su ji tsoronsa. Yarinya ta ce ita mai ruwan hoda take so. Ni kuma sai in tsaya ina tambaya kamar alƙali: wace jarrabawa ce, me aka faɗa muku a makaranta, wace iri malaminku yake koyar da ku da ita? Domin dokar zaure a bayyane take, ba a shiga da wadda ake iya ɓoye rubutu a cikinta ko mai zana giraf. Kuma in yaro ya saba da iri ɗaya, ka ba shi wata ana gobe jarrabawa, rabin lokacinsa zai ƙare a neman inda maɓalli yake. Shi ya sa nake cewa a saya tun da sauran wata guda, hannu ya saba. Suna amsa mini da to, sannan su zo ana gobe, da gudu, a kan babur.

Kafin in miƙa wa kowa, sai na kunna a gabansa. In rufe ɗan gilashin solar da babban yatsa, in sake buɗewa, domin da yawa ba sola ba ce, baƙar roba ce aka manna don ado, ko waya ɗaya babu a bayanta. In danna biyu a tara da uku sau huɗu. In ta ce goma sha huɗu, ta je makaranta. In ta ce ashirin, ta kasuwa ce, a kai wa mai awo. Sannan in danna sayin na talatin, dole ta ba ni rabi, in ta ba ni wani dogon shirme to wani ya taɓa saitinta, sai in gyara in nuna wa yaron ɗan harafin da zai riƙa dubawa a sama. Duk wannan bai fi minti uku ba, amma ku minti ukun nan ne ba ku da shi, kuna sauri ku koma kallon waya.

Na tuna wani Alhaji mai sayar da taki da ya zo da ɗansa, ya ce in fito masa da wadda ta fi kowace tsada. Na fito da wadda ta dace, ya ce wannan ai irin ta 'ya'yan kowa ce. Ya hango wata babba da na ajiye wa wani ɗan jami'a, mai faffaɗar fuska, ya ce ita yake so. Na ce, "Alhaji, wannan ba za a bar shi ya shiga da ita ba." Ya ce shi ya san mutane. Na sake faɗa, ya ce ko ina ganin ba zai iya biya ba ne? Na naɗe masa. Ranar jarrabawa tun a bakin ƙofa mai sa ido ya karɓe ta, yaro ya yi lissafinsa a bayan takarda da yatsu kamar kakansa. Da yamma Alhaji ya zo yana faɗa wai me ya sa ban hana shi ba. Na ce na hana. Ya ce ban hana da ƙarfi ba.

Kada ku ɗauka ina ba ku labarin nan ne don ni ban taɓa kwafsawa ba. Kwafsawar da na yi ta fi taku duka in an haɗa, kuma har suna ta bar mini.

A wata shekara can baya, wani Malam Kabiru da ke koyar da lissafi a Toranke ya aiko mini cewa yana son kalkuleta ga duk ɗalibansa masu fita, iyaye sun haɗa kuɗi, iri ɗaya yake so don koyarwa ta yi sauƙi. Na hau mota zuwa Kano. Dillalin da na saba da shi ya yi tafiya, sai wani mai zaƙin baki a layin ya ja hannuna, ya nuna mini katan guda, kwali mai kyau, rubutu tsaf, kuma da rahusar da ya kamata ta sa ni gudu. Ban gudu ba. Na zauna cikin shagonsa, fanka na kaɗawa, na gwada guda biyar, duk suka ba ni goma sha huɗu, duk suka ba ni rabi. Na ɗauko katan ɗin ina jin ni ne mai wayon Gaya da Ajingi. Na kai wa Malam Kabiru nasa, ragowar na jera a shago, suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saura kwana huɗu a yi lissafi, da azahar, rana kamar ta fasa kai, sai ga babur ya tsaya. Wata yarinya ce mai suna Hauwa'u, ɗalibar Malam Kabiru, tare da mahaifinta, wani dattijon Bafulatani da ya bar shanunsa ya kawo ta. Ta gaida ni da ladabi, ta ce, "Baba, kalkuletar nan ƙarya take yi." Na yi dariya, na ce 'yata, kalkuleta ba ta ƙarya, mai dannawa ne ke ƙarya. Ta ce huɗu sau biyu take dannawa, ta ba ta sifili. Kafin nan abar ta ɗan sha inuwa a kan teburina. Na danna huɗu sau biyu, ga takwas ɓaro-ɓaro. Na nuna wa uban, na ƙara da cewa yaran yanzu in karatu ya gagare su sai su nemi abin ɗora wa laifi. Dattijon ya ji kunya, ya fara ba ni haƙuri, ya ce ta tashi su tafi.

Ba ta bi shi ba. Ta ɗauki kalkuletar ta fita ta ɗora a kan kujerar babur ɗin da ke rana, ta tsaya a gefe. Bayan ɗan lokaci ta dawo da ita, ta danna a gabana. Sifili. Na sa madubi a ido. Ɗan layin tsakiyar lambar ne ya ɓace. Akwai wata siririyar roba da ke haɗa fuskar kalkuleta da cikinta, a waɗannan an manna ta da ganganci, da ta ji zafi sai ta saki. Sauran lambobi in sun rasa layin tsakiya suna nakasa, kowa zai ga sun nakasa. Takwas ce kaɗai ke komawa wata lamba lafiyayya, ta zauna abinta kamar ba abin da ya faru. Na ɗebo ragowar da ke shago na shanya su a kan buhu kamar barkono. Kafin la'asar fiye da rabinsu sun koma sifili. Ku kuma kun san zauren jarrabawa a watannin nan: rufin kwano, ba silin, yara a cushe, gumi na zuba a kan takarda.

Dattijon bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Sale, ashe dai mai sayarwa ma yana ƙarya." Ya tayar da babur ɗinsa.

Washegari da sassafe na fitar da geron da na ajiye don damina na sayar, na koma Kano. Mai zaƙin bakin ya ce shi bai taɓa ganina ba, har ya tambaye ni daga wane gari nake. Ban tsaya ba, don lokaci ya fi shi muhimmanci. Dillalina ya dawo, na karɓi masu kyau, na shanya kowace ɗaya a rana a ƙofar shagonsa mutane na kallona kamar mahaukaci, na cika fuskarsu da takwas-takwas ina dubawa. Washegari ina Toranke. Wannan ɓangaren ya zo da sauƙi, Malam Kabiru ya tara ɗalibai, na karɓi tsofaffin na ba da sababbi, ya kuma sa ni tsayawa a gaban aji in yi bayani da bakina. Ban taɓa sanin ajin sakandare yana da idanu da yawa haka ba.

Waɗanda na sayar a shago su ne bala'in, don ban san sunan yawancin masu sayen ba. Na roƙi a yi sanarwa a masallaci, na faɗa wa masu babur da masu adaidaita su baza, cewa duk wanda ya sayi kalkuleta mai shuɗin kwali wurin Sale ya dawo da ita a canza masa kyauta. Mutanen Gaya kuwa da jin kyauta sai gari ya motsa. Wani ya kawo kalkuletar da ta mutu tun kafin a haifi ɗansa, ya rantse jiya ya saya. Wata tsohuwa ta aiko da rimot ɗin talabijin. A cikin wannan hayaniya na tsinto nawa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura guda.

Na san wanda ya saye ta, don ya daɗe yana ciniki: Malam Haladu, wani manomi daga Balan, ya saya wa ɗansa Nasiru. Ana gobe jarrabawa na hau babur zuwa Balan. A daren da ya gabata ruwan farko ya sauka, duk gari yana gona ana shuka. Na bi gona-gona cikin taɓo har na same shi da sungumi a hannu. Ya ce yaron ya tafi kwana wurin dangin uwarsa kusa da inda zai zana jarrabawar, wayarsa kuma ba ta shiga. Na ba shi sabuwar, na yi masa bayani, na roƙe shi ya aika tun da yamma. Ya sa a aljihu ya ce in sha Allahu, ya ci gaba da saran shuka. Bai aika ba. Daga baya ya ce ruwa ne ya cika hanya.

Da sakamako ya fito, yawancin ɗaliban Malam Kabiru suka tsallake, Hauwa'u ta fi kowa. Nasiru ya faɗi lissafi warwas. Daga ranar Malam Haladu ya sami sana'a ta biyu. Ya riƙa yawo da kalkuletar a aljihu, kasuwar Gaya, kasuwar Ajingi, wurin suna, wurin ɗaurin aure, har zaman makoki. Sai ya ɗora ta a rana, ya tara mutane, ya danna huɗu sau biyu, ya ce ga abin da ya hana ɗansa zama injiniya. Bai taɓa ambaton sabuwar da na kai masa gona ba. Yara suka fara kirana Sale Sifili. Kakar jarrabawa biyu ina zaune ina kallon iyaye suna wuce shagona da yaransu, su je su saya wurin mutanen da ba su san bambancin kos da ƙosai ba. Abin da ya riƙe ni shi ne sayar da biro da littafin rubutu da canza batirin tocila. Sai a hankali malamai suka fara turo mini ɗalibai, don sun ga ni kaɗai ne a garin nan nake shanya kaya a rana kafin in sayar.

Duk tsawon shekarun nan in na hango Nasiru yana tuƙa adaidaitarsa tsakanin tasha da kasuwa, sai in sunkuyar da kai in shiga neman wani abu a cikin gwangwani. Shi ma bai taɓa tsayawa ba. Sai bara, ana saura wata guda jarrabawa, ya faka a ƙofar shagon nan, ya shigo da ƙanwarsa. Ya gaida ni har ƙasa, ya ce yana son mai kyau, wadda za a bar ta ta shiga da ita. Na fito da ita, na rufe sola, na danna komai, na kai ta rana, na dawo na cika fuskarta da takwas. Sannan na ce masa tun da Allah ya kawo shi, ina neman afuwar abin da ya faru, don na san ni na tare masa hanya.

Ya tura yarinyar ta jira shi a cikin keke. Ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya.

"Baba Sale, wallahi ranar ko kunna ta ban yi ba."

Na ce ban gane ba.

"Tambayoyin ne ban gane ba, to me zan danna? Sunana na rubuta, na yi canki-canka, na kwanta a kan tebur. Da na dawo gida na tarar ana ta maganar kalkuletarka, sai na yi shiru. Da sakamako ya fito Baba da kansa ya ce ita ce, ni kuma ban musa ba."

Na ce to yanzu sai ya je ya faɗa wa mahaifinsa, ko ba a tara kasuwa ba, a faɗa masa shi kaɗai. Ya sosa ƙeya ya ce tsohon yana fama da hawan jini, kuma labarin ya riga ya zame masa abin hira, in an raba shi da shi yanzu bai san me zai faru ba. Ya ce in yi haƙuri, in ina da kaya daga tasha zai riƙa ɗauko mini kyauta. Sau biyu ya ɗauko. A na uku ya ce mai ya yi tsada.

Ban je Balan ba, ban kuma aika ba. In maganar nan ta isa can, na san daga kan bencin nan ta tashi, kuma na san fuskokinku. Malam Haladu yana nan da ransa, ranar kasuwa yana wucewa ta nan, in na yi masa sallama sai ya amsa wa mai shayin da ke gefena. Ƙanwar Nasiru kuwa ta shiga zaure da kalkuletar da na zaɓa mata, ta ci lissafi da kiredit. Wani ya tare Malam Haladu a kasuwar Ajingi ya ce to, ga shi wannan karon kayan Sale sun yi rana. Ya ce wane Sale, ai ƙoƙarin yarinya ne, kalkuleta me ta sani?